Gyadar Shekarar Fari

A shekarar fari, gyadarmu ce kaɗai ta yi 'ya'ya a unguwarmu a Cadawa. Baba ya ce in ta ba da iri, ba zai tafi Katsina cin rani ba.

Muna ɓarar gyadar da Inna, na raba ƙwaya ɗaya. Cikinta rami ne baƙi. Ta biyu ma haka.

"Ke Lantana, bar mini ɓarna!"

"Inna, duba mana."

Baba ya kai wa malamin gona. Malamin ya ce bushewar ƙasa ta hana saiwa shan wani sinadari, boron. Irin nan ba zai yi ba.

Da Baba ya dawo, bai zauna ba. Ya miƙa wa Inna jakar tafiyarsa ta ɗinke.