Ranar Da Aka Zo Ɗaukar Injin Roba

Auta ne da kansa ya kai wa mijin yayarsa maganar bashin. A lokacin bankin da yake wa aiki ya samu kuɗin wasu masu zuba jari daga ƙasashen waje, ana neman 'yan kasuwa ruwa a jallo. Mijin yayar tasa yana da ƙaramar masana'antar bokitai da bahon wanka, kowa Mai Roba yake ce masa. Tsohon injinsa kullum yana hannun makanike. Auta ya yi ta zarya har mutumin ya sa hannu, aka sayo sabon inji, aka kuma ba shi damar cirar kuɗi duk sanda zai sayi ƙwayar roba.

Abu ya yi kyau na ɗan lokaci. Sai darajar kuɗi ta faɗi, ƙwayar roba ta yi tashin gwauron zabi, masu jarin suka kwashe nasu suka yi gaba. Banki ya toshe kafar cirar kuɗin, inji ya tsaya, ma'aikata suka fara zaman kashe wando. Mai Roba ya kasa biyan bashin.

Ran nan da safe manaja ya kira Auta. "Kai ka kawo shi, kai ka san injin. Bi masu zuwa ƙwato shi ka nuna musu."

"Ranka ya daɗe, mijin yayata ne."

"Da kana cin la'ada ai ba ka tuna mini ba."

Motar ɗaukar kaya ce mai ƙugiya, da ƙarti cike a baya. Shugabansu wani mai sanƙo ne da ba ya amsa gaisuwa. Auta ya yi ta kiran wayar Mai Roba a hanya, ba a ɗauka ba.

Suka tarar da ma'aikata sun tare ƙofa. Mai Roba ya ratso su da singileti, yana goge hannu da tsumma.

"Auta, ka zo da baƙi haka ba ka ce a dafa shayi ba? Ko matan auren da muka ce ka nemo ne waɗannan?"

Ba wanda ya yi dariya. Auta ya kasa ɗaga kai. "Yaya, takardar kotu ce. Wallahi ba yadda na iya."

"A ba ni zuwa ƙarshen wata. Akwai makarantar da ta ce in yi mata bokitai."

Mai sanƙo bai jira ya ƙarasa ba. Ya sa hannu ya ture tsohon maigadi, kan tsohon ya bugu da ƙarfen ƙofa, jini ya tsinke masa ta goshi. Daga nan wuri ya kaure. Ma'aikata suka rarumo sanduna da guntayen ƙarfe, ƙartin suka zaro gora daga ƙarƙashin kujerun mota. Wani ya ɗauki bulo ya fasa gilashin gaban motar. Auta ya ga an kama wani ma'aikaci ana buga fuskarsa da bango har haƙoransa suka zubo. Tulin bokitai ya rushe, ana tattaka su suna fashewa kamar harbi.

Mai Roba ya ruga ciki ya rungume injin. Mai sanƙo ya bi shi da babbar sifana, ya shiga kwaɗa masa a yatsu. Auta ya ji ƙarar ƙashi. Bai san sanda ya cizgo tukunyar kashe gobara daga bango ba, sai dai ya ga ya sauke ta a ƙeyar mai sanƙo. Mutumin ya durƙusa, ya kife.

"Yaya, saki! Taho mu fita!"

Kafin ya kai gare shi, wani ma'aikaci da ya ga rigar banki a jikinsa ya zabga masa ƙarfe a gadon baya. Ya faɗi, numfashinsa ya ɗauke. Yana kwance ya ga ƙartin sun riga sun zarga sarƙa a jikin injin, direba kuma ya tsorata da duwatsun da ake jifarsa da su, ya fara ja. Ba a gama kwance kusoshin ƙasa ba. Auta ya buɗe baki ya yi ihu, murya ta ƙi fita. Injin ya ɗagu ta gefe ɗaya, ya yi ƙara, sarƙar ta tsinke. Ya dawo da duk nauyinsa a kan ƙafar Mai Roba.

Ihun da ya yi ne ya tsayar da faɗan. Masu gora da masu ƙarfe suka zubar, suka haɗu suna cicciɓar injin, Auta ya ja jiki ya kama shi ta hammata ya zaro shi. Daga gwiwa zuwa ƙasa ba abin da za a kira ƙafa.

A asibiti aka yanke ta. Mai sanƙo ya farfaɗo da ɗinki a ƙeya, ya kai ƙara, Auta ya kwana a hannun 'yan sanda har abokansa suka yi belinsa. Banki ya sallame shi. Injin kuwa ya tsage, 'yan gwangwan suka saye shi a kilo.

Da aka sake shi, asibitin ya nufa. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya kasa shiga. Yayarsa na zaune a gefen gado tana ba mijinta ruwa da cokali, don yatsunsa duk a naɗe suke. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ya fara cewa, "Yaya, ni dai..."

"Ba yanzu ba," in ji ta. Idanunta sun kumbura. "Ka yi mini shiru. Zo ka kama shi ta can, tun ɗazu yake son zagayawa, ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba."

Auta ya naɗe hannun riga ya shiga.