Muryar Ikilima a Bayan Ganga

Kaset ɗaya Inna take da shi, na kiɗan noma da Baba ya yi a tsakar gidanmu kafin rasuwarsa. Kowa ya ɗauka gangar take saurare. Ni da nake kwana ɗakinta na san ba haka ba ne. Can tsakiyar kiɗan, inda Baba ya tsaya jan numfashi, akwai wata 'yar murya daga nesa tana cewa, "Inna, ruwa." Ƙanwata Ikilima ce, wadda ƙyanda ta ɗauke tun tana ƙarama. Ko hotonta ba mu da shi.

Da kaset ɗin ya fara ja, yayana Naziru, sarkin gaggawa, bai shawarci kowa ba. Ranar kasuwa ya zare shi daga rediyo ya kai Gezawa wurin Sabiru mai tura waƙoƙi a waya. Ya dawo yana washe baki, wai ya ceto kiɗan Baba. Kaset ɗin kuwa inji ya tauna shi wajen mayarwa baya, sun jefar.

Aka kunna kiɗan a waya. Ganga ta fito tas. Inna ta karkata kunne, aka zo wurin numfashin, shiru kawai. Ta ce a maimaita, aka maimaita. Sai ta tashi ta shige ɗaki.

Washegari na bar shanyar gero na hau mota zuwa Gezawa, raina a ɓace.

"Malam Sabiru, me kuka yi wa kaset ɗin nan?"

"Wallahi sai da na tambayi Naziru," in ji Sabiru. "Na ce akwai babba, WAV, shi yana ɗauke komai, har kukan kaji da shuuu ɗin kaset, amma yana cinye wuri. Akwai ƙarami, MP3, a matse shi. Ya ce in share duk hayaniyar baya in matse, don ya shiga wayar kowa."

"To ina babban?"

Ya sosa ƙeya. "Kwamfutar ta cika, Yaya. Jiya da yamma na goge."

Hayaniya. Wai ƙanwata ce hayaniya. A gaban shagon na zauna na yi kuka, mutane suna ta wucewa da buhunansu.

Da na gaya wa Naziru, sai ya riƙe kai. "Ban taɓa jin ta ba, Aina'u. Ni ganga nake ji." Na so in ci mutuncinsa, na kasa, don gaskiya ya faɗa.

Na ɗauka Inna ba za ta ƙara taɓa wayar ba. Bayan la'asar sai ga ta a bakin murhu, ta ce in kunna mata. Ganga ta yi ta tafiya har Baba ya tsaya jan numfashi. A cikin shirun nan Inna ta juya wajen randa, ta amsa a hankali.

"Na'am, ga ni nan zuwa."