Ɗaki Mai Lamba Ɗari

Daren jiya wani mafarki ya same ni, kuma na san abin da ya jawo shi.

Shekara uku ba ma magana da Yaya Shu'aibu, tun da na ja katanga a tsakiyar gidan mahaifinmu don in samu ƙofata ni kaɗai. Yanzu yana kwance a wani asibiti a Masar, za a yi masa aikin zuciya. Matarsa ta turo saƙo cewa yana so ya ga fuskata ta waya ƙarfe shida na safe, kafin a shiga da shi. Gidana kuwa sabis ɗin waya ba ya shiga, da rauta, 'yar na'urar intanet ta gida, muka dogara. Don kada hoton ya riƙa yankewa, da la'asar na shiga saitinta na ɗauke ta daga canel, wato hanyar da take bi, mai lamba talatin da shida, inda maƙwabta suka yi cunkus, na mayar da ita ɗari, inda babu kowa. Matata Rakiya ta ce ta ga wani gargaɗi ya fito game da rada, na'urar da ke lura da jirage, ga shi muna kusa da filin jirgi. Na ce ta bar ni da abin da na sani.

A mafarkin, sai ga ni a wani ofis ɗauke da rautar a ka kamar tiren talla, eriyoyinta na motsi. Ruwan sama yana tsattsafowa daga siminti yana hawa rufi, kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki. Wata jar akuya mai tabarau ce a bayan tebur. Na miƙa mata takardata, ta ciji kusurwar ta tauna, hatimin ofishin ke nan.

"Tijjani mai katanga," in ji ta. "Ɗaki talatin da shida."

Na leƙa ɗakin. Gida goma sha ɗaya na layinmu duk suna ciki, gwiwa na gugar gwiwa. Taga ɗaya ce, 'yar ƙarama, ta nan ake ganin mutanen nesa. Ludayi ɗaya ke zagayawa, wanda ya riƙe shi ne kaɗai ke magana. Hajiya Talatu mai injin markaɗe ta matsa ta nuna mini gefen tabarmarta. Ni da ko gaisuwar kirki ba na yi mata saboda ƙarar injinta.

Na koma wurin akuyar na ce, "Ranki ya daɗe, babu ɗakin da ba kowa?"

"Akwai ɗari. Amma da mai shi."

"Yana ciki?"

"Ba ya zama. Wucewa yake yi."

Na ce in dai wucewa ce, ya yi ta wucewa.

Sai ga ni a ɗaki ɗari. Faɗinsa ya kai filin Idi, tagar kuwa bango guda ce, sai dai a rufe. Rautar ta sauko daga kaina ta zauna a ƙasa ta ce, "Doka ce, sai mun yi shiru na minti ɗaya mun saurara." Agogon bangon ba ya zagayawa, tafiya yake a gicciye yana nufar kusurwa, a kusurwar an rubuta shida. Na zauna ina ƙirga sittin.

Tagar ta buɗe. Ga Yaya Shu'aibu tar, har furfurar gemunsa ina iya ƙirgawa. Ya rame. Yana kan gadon da ake turawa, balbelu biyu sanye da fararen riguna suna tura shi a wani dogon baranda, can ƙarshensa akwai koriyar ƙofa.

"Tijjani, kai ne?"

Na ce, "Yaya, ka..."

Rautar ta daka tsalle ta toshe mini baki da eriyarta. Tagar ta rufe garam.

Wani dogon tsoho ya shigo ta bango. Fuskarsa faffaɗa ce kamar faifai, tana juyawa a kan wuyansa ba tsayawa. Yana riƙe da igiya, a bayansa jiragen sama uku na biye da shi a jere, an ɗaure musu idanu da ƙyalle. Ta cikin tagoginsu na hango mutane na cin abinci hankali kwance. Bai ko dube ni ba, ya fice ta ɗaya bangon.

"Baba Rada ke nan," in ji akuyar, wadda ashe tana zaune a bayana da teburinta. "Ya ji motsinka. Ba ka da ɗakin nan sai bayan rabin awa. Tashi."

Muka koma ɗaki ɗari da huɗu. Shirun minti ɗaya. Tagar ta buɗe, gadon ya ci rabin barandar. Yaya ya ɗago kai da ƙyar yana nema na. Na kai ga "Yaya, ka ya..." sai faifan ya leƙo ta rufi.

Ɗari da takwas, ko sallama ban gama ba.

A ɗari da ashirin rautar ta ce, "Nan minti goma ake jira. A nan Baba Rada yake ƙirga ruwa."

Na dubi agogon. Saura taku kaɗan ya kai kusurwa. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba, domin na gane ana iya tura mutumin nan ta koriyar ƙofar ya tafi da rabin kalmata a kunnensa. Da tsohon ya shigo, kansa a sunkuye yana ƙirga ɗigon da ke hawa sama, na sha gabansa na durƙusa.

"Baba, kalma huɗu ce kawai. Ka tsaya in faɗa."

Fuskar ta wuce ni, ta zagayo, sannan ya amsa. Duk zagaye ɗaya, magana ɗaya.

"Mutum ɗari shida nake ja."

Ta sake zagayowa.

"Ba su da ido sai ni."

Ta sake.

"In ka yi magana, sai in ɗauka kai ma hadari ne, in kauce da su."

"To ni yaya zan yi?"

"Wa ya kawo ka nan? Ɗakunan ƙasa ba na shiga."

Ya ja igiyarsa. Jirgin ƙarshe ya taka mini yatsa, ya ba ni haƙuri.

Na sungumi rautar na fita da gudu. Barandar ofishin tana tafiya baya, in na yi taku uku ta ƙwace biyu. Ruwa na shiga ta ƙafar wandona yana fita ta wuyan riga. Akuyar na biye da ni a kan teburinta, tana tauna takarda tana cewa ai ta gaya mini tun farko. Wallahi da ina da hannu na uku da na mare ta.

Na iso talatin da shida na tarar an toshe ƙofar da katanga. Na gane ta nan take, har da bulon nan da ya karkace a layi na huɗu, wanda na yi faɗa da magini a kansa. Tana ƙara tsawo ina kallo. Na jefa rautar ciki, na kama saman, fasassun kwalaben da ni na sa aka dasa suka yanke mini tafin hannu. Na dira a kan ƙafar wani, ya ce sannu da zuwa.

Ludayin yana can ɗaya ƙarshen. Wani na tambayar farashin taki, ya miƙa. Wata na koyon yanka hannun riga, ta miƙa. Ba mai sauri. Ta 'yar tagar ina hango Yaya, amma hoton ya farfashe gida-gida, gemunsa a nan, goshinsa a can. Balbelun sun tura koriyar ƙofar da baki, ƙafafunsa sun riga sun shige.

Ludayin ya zo hannun Hajiya Talatu, saura mutum biyar kafin ni. Ta dubi hannuna mai jini, ta dubi tagar.

"Ungo, Malam Tijjani. Tawa maganar za ta jira."

Na riƙe ludayin da hannu biyu, na cika ƙirjina da iska. Saura kan Yaya kawai a waje. Na buɗe baki, sai abin da ya fito ya zama gurrrr, gurrrr, mai ƙarfi, har haƙorana na rawa.

Na farka. Injin Hajiya Talatu ne ta tayar, masu ƙosai sun kawo wake. Shida saura kwata, ko asuba ban yi ba. Na dubi rautar a kan kabad, fitilarta ba koriya ba ce, tana ƙiftawa, ga rugugin wani jirgi yana sauka.

Na jira ta dawo, na shiga saitin na mayar da ita talatin da shida. Rakiya ta tsaya a kaina da buta.

"Ba kai ka ce can cunkoso ba?"

Na ce, "Can ɗin nake so."

Ina sallame salla wayar ta yi ƙara. Hoton gida-gida ne, muryar na sarƙewa, injin na ta ruri ta bayan katanga. Ban tsaya sallama ba, ban tambayi jiki ba.

"Yaya, ka yafe mini."

Hoton ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Can ya motsa.

"Me ka ce? Ƙara faɗa, injin Talatu nake ji."

Na ƙara faɗa, da ƙarfi, har ita ma Hajiya Talatun ta ji.