Injin da Ya Lashe Sawun Nafi'u

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni bayan azahar. Ina kan tabarma a falo, ina hararar injin sharar nan mai yawo da kansa, ya lafe a gindin bango kamar kwanon da aka kife. Ɗana Nafi'u ne ya ba ni kuɗinsa saboda ciwon bayana, ya ce in zaɓi mai kyau. Na zaɓi mai araha, na yi wa Nafi'u guzuri da canjin. Ranar da zai tafi Kurmi neman aiki na ɓoye tsintsiya, don a gidanmu ba a share bayan matafiyi sai ya sauka lafiya. Na raka shi tasha, na dawo na tarar abin nan ya tashi ba wanda ya aike shi, ya lashe ƙasa tun daga ɗakin yaron har bakin ƙofa. Tun ranar wayarsa ba ta shiga.

Idona ya yi nauyi. Sai ga tsintsiyata tsaye a kaina, ta ci ɗamara.

"Tashi, Tabawa. Ba ƙara kike son kaiwa ba?"

"Wallahi sai an biya ni," na ce.

Tayil ɗin falon ya narke ya zama ruwa, muka taka bai jiƙa mu ba, muka ɓullo kasuwa. Rumfunan a rataye suke a sama kamar shanya, injinan shara garke guda suna kiwo a ƙasa. Tanimu mai kanti, wanda ya sayar mini da injin, yana zaune cikin ma'auni da baki biyu, ɗaya na dariya, ɗaya na rantsuwa.

"Kai, maƙaryacin banza! Ba kai ka ce duk aikinsu ɗaya ba?"

"Hajiya, shara kika tambaya," in ji bakin dariya. "Bai share ba?"

"Ya share mini ɗa!"

"Garantinmu na batir ne," in ji bakin rantsuwa. "Ban da 'ya'ya."

Na kai masa mari, hannuna ya wuce ta cikinsa kamar hayaƙi. Sai wani inji mai ido ya fito daga garken ya durƙusa.

"Ina wuni, Iya. Ni ne wanda kika ɗaga kika ajiye. Ni in an ce share nan ban da can, ko yau ban da shara, ina ji."

"To me ya hana ka faɗa a kanti?"

"Na faɗa. Farashina kika ji, sauran ya wuce ki."



Tsintsiya ta turo mini nawa injin, na ɓalle cikinsa. Babu ƙura a ciki. Hanya ce doguwa ta jar ƙasa, ga sawun Nafi'u a zube: na rarrafe, na takalmin makaranta, na silifas ɗin da yake zuwa masallaci. Da ɗuminsu, kamar ƙosan da aka tsame yanzu. Na tsince su a haɓar zane.

"Jera su," in ji tsintsiya. "Yatsun su kalli gida."

Na duƙa, bayana na ƙara, ina jerawa. Ina ajiyewa, injin na bina yana lashewa. Na zage shi, na zagi wanda ya ƙera shi, na roƙe shi don Allah. Bai tsaya ba. Ba shi da kunne. Kunnen ne ban saya ba.

Sawu ɗaya ya rage, na ƙafar dama. Daga can ƙarshen hanya wata murya ta ce, "Iya, ta ina?" Na ɗaga sawun sama da kaina, injin na zagaya ƙafafuna, na rasa inda zan ajiye.

Ƙarar waya ta fizgo ni. Kafin in lalubo ta ƙarƙashin matashi ta katse. Lamba ce zalla, babu hoton kowa, ni kuwa lamba ba ta yi mini magana. Na miƙa ƙafa na danne injin, na ɗora wayar a cinya, ina jira.