Ƙafar Tela

Sayen zare kawai ya fito da Tela ranar, taku ashirin daga ƙofar shagonta. Mai shagunan layin yana ja da motarsa baya, waya a kunne, ya matse mata ƙafar dama da bakin kwata. Sai da ta ji ƙarar ƙashin kafin zafin ya iso.

Mutane suka taru. Mai facin taya, wanda rumfarsa ke daura da shagonta, ya ce a kira 'yan sanda su auna wuri tun ba a gusar da motar ba. Ana cikin haka mijinta ya iso a guje daga makarantar da yake gadi. Mai shaguna ya riƙe masa hannu bibbiyu, ya ce shekara tara ana zaman mutunci, me zai kawo hukuma tsakanin 'yan'uwa, shi zai ɗauki nauyin komai har ta miƙe. Mijin mutum ne da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Ya dubi matarsa a ƙasa, ya dubi mutumin da shagonsu ke hannunsa, ya ce to, a bar magana a gida. Tela ta ji shi sarai, bakin magana ne ba ta da shi.

Mai shaguna ya kai ta asibiti da kansa, ya biya na ranar farko, ya aiko da katan ɗin madara. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Aka sa mata ƙarfe a ƙafa, ta yi wata huɗu a kwance, aka sayar da firji da 'yan kunnenta. Da ta koma shago ta hau keken ɗinki, ba ta gama hannun riga ɗaya ba ƙafar ta kumbura. Masu ɗinki suka riƙa zuwa suna yi mata sannu, suna karɓe yadinsu.

Ta dogara sanda ta je gidan mai shaguna. A bakin ƙofa ya tsayar da ita, ya ce ai motarsa na da inshora, ta je kamfani. A kamfanin wata ma'aikaciya mai fara'a ta nemi rahoton 'yan sanda, ta ce in babu shi ko fayil ba za a buɗe ba. A ofishin 'yan sanda jami'in da ke kan tebur ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya rufe littafinsa.

"Baiwar Allah, wannan ihu ne bayan hari. Wata biyar, me zan je in auna?"

Akwai wata lauya da Tela ta daɗe tana yi wa ɗinki. Ita ta gaya mata cewa rashin rahoto bai kashe magana ba, wahala ya ƙara mata, sai an samo shaida da takardun asibiti. Tela ta yi kwana uku tana zarya a ɗakin ajiyar kati na asibiti har aka zaƙulo nata. Ga sa hannun mai shaguna a gurbin wanda ya kawo majiyyaci, ga rubutun nas cewa shi ya buge ta da mota. Mai faci kuma ya ce ko gaban wa zai faɗi abin da ya gani. Bayan mako guda ya aiko matarsa ta ba da haƙuri, wai da ya sake tunani, a lokacin yana sunkuye kan taya. Rumfarsa ma a filin mai shaguna take.

Duk da haka wasiƙar lauya ta sa mai shaguna ya kira su falonsa. Ya ce shi ba a taɓa saka masa alheri da sammaci ba sai yau. Ya tura takarda gabanta. An rubuta taimako, ba diyya ba, kuma bai amsa wani laifi ba. Abin da ke ciki bai kai rabin abin da asibiti ya ci ba. Lauya ta raɗa mata cewa kotu ba shaida tana iya cin shekara uku, kuma ba tabbas.

"Sa hannu, maman yara," in ji mijin a hankali. "Da babu gara ba daɗi."

"Ka taɓa yanke min shawara sau ɗaya," ta ce ba ta dube shi ba. "Wannan bar ni in yanke da kaina."

Ta daɗe da biro a hannu, sannan ta sa. Mijin ya durƙusa ya yi godiya, har da addu'ar Allah ya ƙara arziki. Ita sandarta ta lalubo.

Da shekara ta zagayo aka ce za a yi wa shagon gyara, ta kwashe kaya. Ba a yi gyaran ba, mai sayar da waya aka saka a ciki. Ta dawo da keken barandar gida, ta sayi injin da ke juya shi da lantarki, ta koma ɗinkin yara da facin tsofaffin kaya, ranar da aka kawo wuta ta yi aiki. In baƙi sun zo mijin yakan ce ai mutumin ya yi ƙoƙari, wani ko sisi ba zai bayar ba. Ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba. Abincinsa dai yanzu a kan tebur take ajiye masa a rufe, ta ci nata a baranda.