Bakin Kogi da Shebur Uku

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce maka shi ne, ka ce masa Athol McKerchar ya ce ƙarya yake yi. Ranar Litinin ce, farkon watan Maris, na fito da kofin shayina na tsaya a ƙofar ɗakina na kwano, sai na ga ruwan tafki ya hau turken da nake ɗaure kwalekwale. Mako biyar ba a yi ruwan sama ba, kogi kuma bai ƙaru da ko cokali ɗaya ba. To me ya ɗaga tafki? Na ajiye kofin a kan taga, na ce wa kaina, "Baki ya toshe."

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Daga aji huɗu na bi ubana askin tumaki, daga nan na yi shekara talatin da ɗaya a mayanka, na bar musu yatsu biyu. Babbar ambaliyar da ta kwashe ɗakuna tara a nan ta same ni a kan rufi, na sauko da raina. Likitoci sun tsaga ƙirjina sun ɗinke, suka ce in bar bakin kogi, biyu daga cikinsu na riga na ji labarin mutuwarsu. Shekarata tamanin da ɗaya. Takarda tana ba ni wahala, amma ruwa ina karanta shi fiye da duk mai digiri a garin Timaru.

Koginmu ba ya faɗa wa teku kai tsaye. Sai ya taru a tafki bayan dogon tudun tsakuwa, sannan ya huda ta wata 'yar kafa ya fita. Ta wannan kafar kifin salmon yake shigowa duk ƙarshen rani, ya hau can gindin duwatsu inda aka ƙyanƙyashe shi, ya zuba ƙwai ya mutu. Da muna samari, mutum ɗari sukan jeru a bakin kafar da sandunan fatsa, kafaɗa da kafaɗa, in ka je fitsari ka rasa wurinka. Yanzu masu shanun madara suna zuƙe ruwa tun daga sama, kogi ya rame, kifi ya yi ƙaranci har an ba kowa kati, kifi ɗaya tal za ka kama ka rubuta a shekara. Ɗayan ma yawancinmu ba ma samu.

Na haye tudun tsakuwa da ƙafa. Inda kafar take jiya, iskar kudu ta turo tsakuwa ta cike ta tas, har za ka iya shimfiɗa tabarma a kai. Na juya wajen teku, na sa hannu na kare rana. Kifayen suna nan. Bayan igiyar ruwa ta biyu, baƙaƙen bayansu suna juyawa, suna shaƙar ruwan daɗin da ke tsiyaya ta ƙarƙashin tsakuwa, suna neman ƙofa babu ƙofa. Na ƙirga arba'in da uku. Bara gaba ɗaya ban ga ashirin ba. Can gefe kuma ga wani ƙaton karen teku, irin mai gashin baki da hannaye kamar filafili, ya kwanta a kan ruwa yana kallonsu kamar mai zaɓen nama a kanti.

Na je na buga wa Barney Reihana ƙofa. Barney maƙwabcina ne, tare muka yi mayanka, shekara hamsin muna musu a kan wa ya fi wani kamu.

"Tsoho, ka sha maganinka kuwa?" in ji shi. "Arba'in da uku? Ko dai ciyawar teku ka ƙirga?"

"Ɗauko babur ɗinka ka zo ka gani, gurgun banza."

Ya zo a kan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, don ƙugunsa ba ya barinsa tafiya a tsakuwa. Yana isa karen tekun ya ɗago da kifi a baki, mace ce, ya girgiza ta, ƙwai suka watsu ja a kan ruwa, tsuntsaye suka rufa. Barney ya tsaya yana kallo. Ya cire hularsa ya mayar.

Noeline Tregurtha ce ta buga waya ofishin hukumar da ke kula da kogin, don ita ta iya magana da su. Noeline matar marigayi Stan ce, shekararta saba'in da huɗu, kuma in gaskiya za a faɗa, bayan ni babu mai jifan fatsa irin nata a bakin kogin nan. Ta dawo ta same mu a zaune.

"Sun ce katafilar da ke buɗe bakin tana wani aiki a kudu. Sai Alhamis ta mako mai zuwa."

"Kwana goma!" na ce. "Kin gaya musu akwai kare?"

"Na gaya musu akwai kare, na gaya musu akwai tsofaffi biyu da za su haukace. Sun ce kada kowa ya taɓa tudun."

Ka san yadda abin yake. Salmon shekara uku yake yi kafin ya dawo. In na bana ba su hau sun zuba ƙwai ba, nan da shekara uku babu abin da zai zo, bayan nan kuma babu 'ya'yan waɗanda ba su zo ba. Kogi ba ya mutuwa da ƙara. Wata shekara kawai za ka tsaya da sandarka har watan ya ƙare, ka koma gida.

Talata na ƙirga talatin da takwas. Laraba karen ya gayyato ɗan'uwansa. Abinci ya daina shiga mini. Noeline ta kawo mini naman rago da dankali, na tura wa kyanwa. Ina fita da safe, in dawo, in sake fita, har sawuna ya yi hanya a kan tsakuwa. Kifin kuma sun fara baƙi, farin azurfar jikinsu yana dusashewa, alamar ƙwai ya nuna kuma lokaci yana cin su. Alhamis talatin da ɗaya. Juma'a rediyo ta ce babbar iskar kudu tana tafe ranar Lahadi. In ta zo, tudun zai ninka, ko katafilar sai ta yi kwana biyu.

Na tara su biyun a ƙofar ɗakina.

"Gobe teku zai janye ƙarshe da ƙarfe goma da kwata. Tafki ya cika har wuya. Shebur uku sun isa."

"Shebur uku da shekara ɗari biyu da talatin," in ji Noeline. "Wa zai haƙa, wa zai kira motar asibiti?"

"Za su kai mu kotu, mutumina," in ji Barney.

"Su kai. Ka taɓa ganin alƙalin da ya ɗaure mai ƙugun roba?"

"Ka taɓa yi ma kuwa, ko cika baki ne irin naka?"

Sau uku na yi, tare da ubana da mutanen da, tun ba a san wata katafila ba. Na zana musu a ƙasa da sanda. Ana farawa daga gefen teku, a haƙo rami zuwa tafki, a bar toshi kamar kamu biyu kada ruwa ya shigo tun ba a gama ba. In an gama, kowa ya dawo gefen ramin da ke wajen gida. Mutum ɗaya ya fasa toshin, sannan a ja da baya taku ashirin, kada wanda ya matso, don ruwan yana cin gefen ramin ta ƙasa, inda kake tsaye yanzu anjima ba ya nan. Na maimaita musu sau biyu. Taku ashirin.

Asabar da ƙarfe bakwai muna kan tudu. Na sa wandon robana mai kaiwa ƙirji. Noeline ta dube ni sama da ƙasa.

"Ina ɗamararka?"

"Shekara sittin ban ɗaura ɗamara a kan wandon ruwa ba. Ta masu tsoron faɗuwa ce."

"In ruwa ya cika shi, buhun siminti za ka zama."

"Ke dai haƙa, 'yar nan. Sandar fatsar me kika kawo kuma?"

"Ko coci da ita nake zuwa," in ji ta, ta jingine ta a babur.

Wanda bai taɓa haƙa tsakuwar teku ba bai san wahala ba. Ka ɗebi shebur ɗaya, rabi ya gangaro ya koma. Barney yana durƙushe a gwiwa ɗaya yana haƙa yana zagin kakannina. Noeline tana haƙa tana haki. Ni kuwa ɗinkin ƙirjina yana ja kamar za a ɓalle maɓalli, ban gaya wa kowa ba. Ƙarfe tara mun yi rabi. Ina haƙa ina leƙen teku, ina ganin kan karnukan nan biyu yana ɓullowa yana nutsewa. Ƙarfe goma da kwata ta yi, saura kamu shida. Teku ya tsaya, ya fara tunanin dawowa. In ya dawo kafin mu fasa, zai cike ramin, aikin ya tashi a banza, gobe kuma iska.

"Athol, leɓenka ya yi shuɗi," in ji Noeline. "Zauna."

"In na zauna ku binne ni a ramin. Haƙa!"

Sha ɗaya saura kwata muka kai toshi. Na kora su gefen gida, na soka shebur sau huɗu. Ruwa ya fito siriri kamar na famfo, har Barney ya fara dariya. Kafin ya rufe baki ya zama kamar kwata, kafin in kai taku ashirin ya zama kogi. Ƙarar tsakuwar da yake ja kamar jirgin ƙasa. Gefen ramin yana zubewa gaɓa-gaɓa, faɗinsa ya kai tsawon mota, ya kai na bas.

Sai na ga wani abu baƙi a ƙasan kafar, ya juyo da kai sama.

Ni na kafa dokar taku ashirin, na sani. Amma kwana shida ina ƙirga kifin nan, ba zan yarda Barney Reihana ya riga ni ganin na farko ya shiga ba. Na matsa taku biyar. Na ƙara biyar. Na ji Noeline tana ƙwala sunana. Na ƙara uku, na leƙa, ƙasa ta tafi da ni.

Sanyin ya buge ni kamar gatari. Wandon ya cika nan take, ƙafafuna suka zama na wani. Ruwa ya juya ni, na ga sama, na ga tsakuwa, na ga farin kumfar teku yana matsowa, kuma na san abin da ke bayan kumfar nan, don mutum biyu na sani da suka shiga ba a ga ko hularsu ba. Ban yi addu'a ba, ƙarya ba kyau. Abin da ya zo mini shi ne, ashe matar nan ta yi gaskiya a kan ɗamara, kuma ba za ta taɓa barin maganar ba.

Sai na ji wani abu ya wuce ta kan kaina, ya dawo, ya cije ni a kafaɗa. Cokalin fatsar Noeline ne, ƙarfe mai ƙugiya uku. Ya huda rigar ruwa, ya huda rigar ulu, ya shiga nama. Da wani ne, da ya ja da ƙarfi zaren ya tsinke. Ita kuwa ta kwantar da sandar gefe, tana bin gaɓa da gudu-gudu, tana ba ni zare tana karkato ni a hankali, yadda ake yi wa babban kifi a ruwa mai ƙarfi. Ina jin muryarta sama da ƙarar ruwan.

"Kada ka yi kokawa, tsohon banza! Kwanta! Kwanta in juyo ka!"

Na kwanta. Ta karkato ni zuwa inda ruwan yake juyawa a gindin tudu, taku kaɗan kafin kumfa. Barney ya gangaro a kan gindinsa ya miƙo ƙotar shebur, na riƙe da yatsu takwas ɗin da suka rage mini. Suka ja ni kan tsakuwa, ruwa yana zuba daga wandon kamar an fasa randa.

Barney yana haki ya ce, "Noeline, fito da katinki ki rubuta. Namiji ne, tsoho, ya yi baƙi, nama ba daɗi."

"Sakinsa zan yi," in ji ta. Barney ne ya cire ƙugiyar da filaya.

Sun so kai ni asibiti, na ƙi. Suka naɗe ni da bargo biyu a kan babur, suka ba ni shayi mai zafi da ɗan abin da Barney yake ɓoyewa a aljihu. Muka zauna taku talatin daga gaɓa muna jira. Ƙarfe ɗaya, babu komai. Ƙarfe biyu, babu komai, sai karnukan nan suna kai da kawo. Na fara tunanin ko laka ta kore su, ko mun makara, ko na kusa mutuwa a kan ruwan da babu kowa a cikinsa. Wajen ƙarfe uku tafki ya sauka, ruwa ya lafa, teku ya cika ya shigo kafar. Sai wutsiya ta fasa ruwa a tsakiya. Sai wata. Suna hawa bibbiyu, uku-uku, bayansu a waje, suna tsaga ruwa. Babu wanda ya taɓa sanda. Na ƙirga da ƙarfi har muryata ta dushe. Ashirin da shida.

Ko ashirin da shida sun isa su riƙe kogi, ban sani ba, kuma wannan ne yake hana ni sakewa har yau. Mutumin ofis ya zo ranar Alhamis, ya dubi kafar, ya dube mu, ya rubuta abin da zai rubuta. Noeline tana yawo tana gaya wa mutane wai abin da na leƙa guntun itace ne. Kifi ne. Ni na gan shi, kuma ni na fara ganinsa.

Duk mai shakka ya zo ɗaki na huɗu daga bakin tafki, mai jan ƙofa, in buɗe masa kafaɗa ya sa yatsa a huda uku. In bai gamsu ba, ya dawo farkon Maris nan da shekara uku, zai same ni a kan tudu da shekara tamanin da huɗu ina jiran 'ya'yan ashirin da shidan nan. Ya tsaya a gefena mu ga wa zai riga wani gani. In kuma baki ya toshe, shebur yana bayan ƙofa, ya ɗauka ya gwada mu gani.