Almu a Bayan Ƙyalle

Ranar Alhamis labarin ya iske ni, ina surfe. Direban kamiyon da ya kai mijina Almu Madawa ne ya tsaya ƙofar gida, ya ƙi shigowa. Sanƙarau ne, in ji shi, kwana biyu kawai Almu ya yi a likita. Can aka rufe shi. Hularsa da takalmansa aka kawo mini. Shekara shida ke nan da ɗaga tutar Nijar.

Almu ginar rijiya yake yi, rabin rijiyoyin Karofane hannunsa ne. Amma in kana son ka ga haƙoransa, ka ce masa motar silima ta gwamnati ta zo Buza. Da ƙafa yake tahiya, ya dawo ya kwaikwaya mana kowa a tsakar gida har ɗiyarmu Suwaiba ta faɗi don dariya. Na ban dariya yake so, da na labarin mutanen da. Ana saura shekara ya rasu, masu silima suka zo ɗaukar yadda kakanni suke ginar rijiya a Adar, da dutse, ba siminti. Kwana uku suna ɗaukarsa. Ya yi ta jiran a kawo ya ga kansa, Allah bai nufa ba.

Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Da na yi wata biyu cikin takaba, sai na lura in na rufe ido muryarsa tana zuwa, fuskar ba ta zuwa. Wannan ya tsorata ni ƙwarai. Uwarsa kawai na gaya wa, Inna Husaina, da muke gida ɗaya.

Rannan mai shela ya bi gari yana cewa motar silima ta sauka, bayan magariba za a nuna rijiyoyin Adar, gobe ta wuce Keita. Ni kuwa saura wata guda in fita takaba. Mai takaba ba ta zuwa taron kallo.

Inna ta je wurin liman, ta dawo tana huci.

"Ya ce ba ki hita."

"To shi ke nan, Inna."

"Wane shi ke nan? Ke in an ce miki zauna sai ki bushe wurin? Ba ni lulluɓina."

Daga cikin ɗaki nake jin ta da mai injin silimar, wani dogo Alƙasim, don filin kallon, na lakwal, wato makarantar boko, yana jikin dangarmu.

"Kai ɗan nan, ƙyallen naka da ake haska silima kauri gare shi?"

"A'a Inna, fari ne sakayau. Har ta baya ana gani."

"To me ya kai ka ɗaure shi ga bangon lakwal? Bango ido gare shi?"

"Inna, mushe malamin lakwal ne ya ce..."

"Mushe ya haifi wanda ke cikin akwatin nan naka? Ni na haihe shi. Kawo igiya."

Aka cire zana biyu daga dangarmu, aka ɗaure ƙyallen a gurbin. Gari duka ya zauna a waje, ni da Suwaiba da Inna muna ciki kan tabarma. Ƙafata ba ta taka waje ba.

Aka fara da na dariya, wani mai jaki da jakin ya ƙi tahiya. Ina jin yara da tsofaffi suna ta ihu a bayan ƙyalle. Ni ban yi ba. Sai aka sa na tarihi. Tsofaffin rijiyoyi, shanun Fulani a bakin kwaramin ban ruwa, wani yana bayani da Hausa. Sai ga igiya ana ja, sai ga kai ya ɓullo daga rami, duk laka.

Almu. Da ɗan tabon nan na gira, wanda na manta sam. Ya goge fuska, ya yi dariyar nan tasa, ya zauna aka miƙo masa ƙwaryar hura. Ya ɗauki ludayi.

Inna ta zabura. "Kai Almu! Da hagu? Haka na koya maka? A gaban Adar duka?"

Ashe mu da muke baya komai a juye muke ganinsa. Mutanen waje suka ji ta, suka fashe. Wata ta ɗaga murya: "Husaina, nan wajenmu da dama yake sha!" Ban san sanda dariya ta ƙwace mini ba, ina yi hawaye na zuba. Suwaiba ta tafi da gudu ta dafa ƙyallen tana kiran Baba.

Daidai nan zaren silimar ya tsinke, ƙyalle ya yi fari fat. Alƙasim ya liƙa, aka ci gaba, amma an riga an wuce Almu.

Da safe kafin motar ta tashi, Alƙasim ya yi sallama daga bayan danga, ya yi mini ta'aziyya, ya ba Inna wani abu. Ɗan guntun zaren ne da ya yanke wajen liƙi, bai kai tsawon yatsa ba. Ya ce dama zubarwa ake yi. In an ɗaga shi ga haske, hoto huɗu ne ƙanana, duka Almu da ludayinsa.

Na fita takaba, na koma sayar da hura a kasuwa. Suwaiba ta shiga lakwal. Duk sanda motar silima ta zo, mu ne a gaba, ni da Inna, tana yi wa mutanen cikin ƙyalle faɗa.

Guntun yana cikin hular Almu. Kullum da hantsi, kafin in ɗauki taɓarya, sai in ciro shi in ɗaga wa rana. In na ga ludayin a hagu, sai in juya shi, don kada Inna ta gani.